Wurin da Ake Ganin Mai Shigowa

Zuwa ga ɗana Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Saratu. Allah Ya kai ku Sakkwato lafiya, Ya tsare ku a hanya gaba da baya, Ya rufe idon mugu daga motarku, Ya sa ku shiga sabon gidanku da ƙafar dama. Za ni soke takardar nan a bakin buhun geron da na ɗaure muku, don na san shi kaɗai ne ba za ka mance cikin mota ba.

Za ka ce Inna da ke da waya me ya kai ta rubutu. Ai na gwada ka a waya. Da na ɗauko magana sai ka shiga "to Inna, to Inna," ina jin ka kana ciniki da wani a gefe. Takarda ba ta cewa to Inna. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ba ni son dariya.

Ran nan ka nuna mini hoton gidan cikin wayarka. Ɗakuna sun yi kyau, Allah Ya sa albarka. Ka ce tsakar gida ce ta rage, ka kuma faɗa mini yadda kake son ta: siminti daga bango zuwa bango, doguwar katanga a bakin ƙofa don kada na waje ya hango ciki, rumfar kwano can bayan ɗakuna inda Saratu za ta zauna babu mai damun ta. Na ce madalla, don tana wurin, kuma ba ni gyara ka gaban matarka. Amma wallahi tsarin nan ya tsorata ni. Abin da ka zana shi ne na gina a nan Sabon Birni, kuma saura kaɗan ya raba ni da babanku. Kai lokacin kana bisa hanya da kayanka tsakanin nan da Maraɗi, ka kwana ɗaya ka wuce, ba ka ga rabin abin ba. Yanzu da hankalina ya kwanta za ni iya faɗa maka.

Da munka baro Gatawa saboda 'yan bindiga munka samu filin nan, babanku ya ce in yi yadda na ga dama, shi ba ya da ta cewa. Ni kuwa zuciyata ta ƙeƙashe. Ba ni son ganin komai da ya yi kama da gidan da munka bari. Can daɓen ƙasa ne, nan na ce siminti. Can danga ce ta kara, nan na ce bulo. Magini ya tambaye ni ko in bari damina ta wuce mu ga halin filin, na ce mishi ni na kira shi aiki ba shawara ba. Ka san bakin uwarka. Ya zuba mini simintina, sumul, har maƙwabta na shigowa kallo, ni ko sai hura hanci nake.

Bazara na zuwa na san na yi aika-aika. Da hantsi ya ɗaga ba mai iya taka tsakar gidan nan ba takalmi, har kaji tsalle suke. Zafin da simintin ya sha da rana shi yake amayo mana har bayan magariba, ka shimfiɗa tabarma ka ji ta kamar an ɗauko ta daga bisa murhu. Ƙasa tana shan ruwa ta huce, a yayyafa mata da la'asar ta ba ka sanyi da ƙamshi. Siminti ba ya shan komai. Don haka kai ka zuba shi inda ake wanke-wanke da bakin ɗakuna da hanyar da ƙafa ke bi in an yi ruwa, sauran ka bar shi ƙasa, ka zuba yashi mai laushi na gulbi. Shara za ta fi wuya, na sani. A yi sharar.

Akwai wata kurna da munka iske a filin, ba ta da girma sosai amma tana da inuwa. Na sa anka sare ta, wai ganye na ɓata mini siminti. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Na sare inuwar da Allah Ya ba ni, na koma na kafa rumfar kwano, na kuma buɗe bakinta yamma. Da azahar kwanon ya gasa ka daga sama, da la'asar rana ta shigo maka ta baki har cikin ido. Da na buɗe ta gabas kuma da hadari ya ishe ni, tunda duk ruwan ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iskarsa. Na ga wani icce cikin hoton naka, can kusurwa, ban gane ko mene ne ba. Ko ƙaya ce kada ka taɓa shi. Kuma kafin ka kafa ko sanda ɗaya, ka zauna gidan yini guda ka bi inuwa da ido, ka ga inda take da hantsi, inda take komawa da azahar, inda take faɗuwa da la'asar. Rumfa ta kalli kudu ko arewa. In dole sai kwano, ka ɗaga shi sama sosai ka shimfiɗa zana ƙarƙashinsa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san babanku a Gatawa. Mutum ne na waje. Daga masallaci sai gona, daga gona sai gindin iccen garkarmu, yana tufka igiya, yana gyaran ƙotar galma, duk mai wucewa sai ya tsokane shi. Ɗaki wurin barci ne kawai a gare shi. Da munka tare a nan sai ya shiga ɗaki ya kwanta. Na ce gajiya ce. Wata ya wuce, wani ya bi, mutum na kwance yana kallon rufi. Salla a ɗaki, tuwo a ɗaki, shi ma loma kaɗan ya ture kwano. Alwala ce kaɗai ke fito da shi, ita ma a bakin ƙofa, da gaggawa, ya koma. Ƙafafunsa sunka kumbura. Da munka kai shi asibiti anka duba anka ce ba su ga wata cuta ba, amma dole ya riƙa fita yana motsa jiki yana shan iska, in ba haka ba ƙafar za ta riƙe, sauran jiki ya bi. Na dawo gida na shiga madafi na yi kukana inda ba mai gani. Na fitar da shi daga Gatawa da ransa, ga shi zai mutu mini a ɗaki cikin gari.

Sai na ce bari in yi mishi wurin zama wanda ba zai iya ƙi ba. Na sa anka gina mishi dakali ƙarƙashin rumfar nan, mai faɗi, anka shafe shi, na shimfiɗa buzunsa da matashi, na aje buta da rediyonsa. Na zaɓi wurin da kaina, can ƙuryar gida, nesa da hayaniyar titi, fuskarsa na kallon bangon da na shuka 'yan furanni a gindinsa. Tsakaninsa da zaure kuma na tada katanga doguwa, wadda ta fi mutum tsawo, don kada mai shigowa ya gan shi a halin da yake ciki. A tunanina mutumin da ya ga tashin hankali ɓoyo yake so.

Na je na ce, "Malam, fito ka ga abin da na yi maka."

Ya fito yana dafa bango, ya zauna. Bai kai ga jingina ba na ga wuyansa na juyawa baya. Ya juya, ya sake juyawa, sai ya miƙe ya ce, "Ya yi kyau, Ige. Allah Ya yi miki albarka." Ya koma ɗaki. Bai sake zama bisa dakalin nan ba.

Nomau, na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gori, Allah Ya yafe mini. Na ce mishi ko maza nawa sunka baro ƙauyukansu suna nan suna yawo cikin kasuwa, shi kaɗai ne ya ga abin? Na ce na zuba ƙarfina na yi mishi wurin da ko hakimi zai zauna, ya watsa mini ƙasa a ido. Ya dube ni kawai ya juya fuska bango. Na kira malamai anka yi rubutu ya sha, na nemo sassaƙe, na jiƙa, na dafa. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban zauna bisa dakalin nan da kaina na ga abin da mai zama ke gani ba.

Kuskurena na siminti shi ya cece mu, ka ji ikon Allah. Da anka zuba shi ban bari an duba gangaren filin ba, rariyar da ruwa zai fita tana wannan gefe, ruwa kuma ya ga dama ya bi wancan. Duk ruwan da anka yi sai ya taru a gindin katangar nan ya kwanta, mu bi shi da tsintsiya. Kai kafin ka zuba komai ka kwarara bokitin ruwa a tsakar gidan ka bi shi da ido, inda ya nufa can za ka huda rariya, kada ka ce za ka koya wa ruwa hanya. To, ruwan nan ya yi ta cin gindin katanga ban sani ba. Ran nan da la'asar hadari ya taso da iska mai ƙarfi, muna ɗaki munka ji rugum. Katanga ta kwanta gaba ɗaya. Alhamdu lillahi ba kowa kusa, ko kaza ba ta taɓa ba.

Washegari da hantsi na fita neman magini ya zo ya tada ta yadda take. Ban same shi ba, na dawo raina a ɓace. Ina fitowa daga zaure sai na ga mutum zaune a tsakar gida. Babanku ne. Ya kifa turmina a kusurwar da nake ɗaure awaki, ya zauna bisansa, bayansa jingine da bango, ga kashin awaki ko'ina, ga ƙuda, akuya na jan gefen rigarsa. Yana zaune abinsa yana shan hantsi.

Maimakon in gode wa Allah sai baki ya riga ni. Na ce, "Malam, wanga wane irin wulaƙanci ne? Ga dakali can da buzu da matashi, ka zo ka zauna cikin kashin awaki bisa turmin dakana?"

Ya ce, "Daga nan ina ganin mai shigowa."

Na yi tsaye da mayafi a hannu.

Ya ce, "Ran nan a Gatawa, da sunka zo, ina tsakar gida ina gyaran ƙota. Baya na ba ƙofa. Ban san an shigo gari ba sai da na ji ihun maƙwabta. Tun ranar, in na ba ƙofa baya sai in ji kamar akwai mutum tsaye a kaina. Can wurin naki ina jin motsi a zaure, ba ni ganin mai yin shi. Gara ɗaki, ƙofarsa ɗaya ce kuma tana gabana."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini tuntuni?"

Ya ce, "Kin sha wahala a kansa. Kuma namiji da furfura ya ce yana tsoron bango?"

Na zauna nan ƙasa kusa da shi cikin kashin awakin da nake yi mishi gori. Na duba inda yake dubawa. Bakin zaure ne tar, har da ɗan hasken titi ta ƙofar waje, kana ganin ƙafar mai wucewa. Ranar a nan ya ci tuwonsa, ya cinye, ya ce a ƙara miya.

Da magini ya zo ban sa shi tada katanga ba, sai na sa shi fasa siminti. Ya dube ni, na ce mishi kada ya ce komai, na riga na sani. Munka maida turken awaki can bayan ɗakuna inda furannina suke, sun kuwa cinye su tas, ban damu ba. Kusurwar nan anka kankare ta, anka zuba sabuwar ƙasa da yashi, anka gina ɗan dakali ƙarami, bayansa bangon arewa, fuskarsa bakin zaure. Anka yi mishi rumfar kara. Na binne gindin randa cikin yashi kusa da hannunsa na dama. Maganar sutura kuma, don ba zai yiwu duk wanda ya yi sallama ya hango mata a bakin murhu ba, sai na kafa zana a karkace, daga gefen zaure zuwa kusurwar madafi. Mai shigowa yana ganin Malam, Malam yana ganinsa, amma ba ya ganin mu. Ni kuma daga bakin murhu ina hango shi ta ƙarshen zanar, in yi mishi magana ba sai na ɗaga murya ba. Wancan dakalin na farko ai har wannan laifin gare shi, na kai mutum can nesa da inda ake daka da girki da hira, na bar shi da bango.

Ka ga yadda yake yanzu da idonka. Tsofaffin Gatawa da sunka zauna garin nan sun gano wurin, har da wani abokinsa na Tozai mai gardamar tsiya, su yi sallama su shigo su cika mini rumfa, su shanye mini randa. Daga dakali ya fara zuwa bakin garka, daga garka sai masallaci. Kumburin ya saɓe. Ran kasuwa da ƙafarsa ya je ya sayo kaba. Ina ganinsa yana tafe da ita a kafaɗa na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san tun yaushe nake ɗauke da shi ba.

Yanzu ka dawo da hankalinka ga matarka. Saratu ɗiyar Gatawa ce, ranar da munka gudu ita ma ta gudu, da ƙannenta a hannu. Tun da anka kawo ta gidan nan nake kallonta. Kai ba ka lura ba, maza ba ku lura. Ba ta taɓa zama ta ba zaure baya ba. In tana tsintar shinkafa sai ta ja kujerarta ta jingina da bangon madafi, daidai ƙarshen zanar nan inda ake hango ƙofa. In babur ya tsaya a garka hannunta sai ya tsaya cikin faifai, ba ya ci gaba sai ta ji muryar mai sallama ta gane shi. Wannan yarinya ce za ka kai garin da ba ta san kowa ba, ka aje ta bayan ɗakuna, ka tada doguwar katanga tsakaninta da ƙofa, ka ɗauki kayanka ka tafi Nijar ka bar ta ita kaɗai tana jin motsi ba ta ganin mai yin shi. Ba za ta ce maka komai ba. Tana da kunya, tana kuma ganin wahalar da ka sha. Za ta ce ya yi kyau, Allah Ya saka, sannan ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Kai kuma ka fara cewa ba ta da godiya, don jinina ne a jikinka, na san abin da bakinka zai faɗa.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. In kun isa kada ka kira magini. Ka bar tsakar gidan yadda take, ƙasa da iccenta. Ka ba Saratu tabarma da kujerar tsugunno, kada ka tambaye ta ina take so, don in ka tambaya za ta ce duk inda ka ga ya dace. Ka yi harkarka kana kallo ta gefen ido. Inda ka ga ta saba shimfiɗa tabarmar nan, inda take kai faifanta da kanta ba wanda ya sa ta, to nan ne wurin rumfa, ko da kai a idonka wurin bai yi tsari ba, ko da ya ɓata maka zanen da ke cikin waya. Murhu da randa su zo kusa da ita, murhun ta gefen da iska za ta kwashe hayaƙi ta yi waje da shi. Katangar bakin ƙofa kuma ban hana ka ba, gidan aure sai da sutura. Amma ka karkata ta, ko ka sa irin bulon nan mai huji daidai tsayin idon wanda ke zaune, ta ga mai shigowa tun shi bai gan ta ba. Kuma da an gama, ka zauna wurin da kanka, ƙasa bisa tabarma ba tsaye ba, ka ga abin da za ta riƙa gani.

Kusa da buhun geron za ka ga gwangwani da ɗan dogonyaro a ciki. Ba ni na haƙo shi ba. Babanku ne ya je da kansa bayan masallaci ya tono shi, ya dawo da ƙasa har gwiwa yana haki yana dariya. Ya ce a dasa shi nesa da bango don saiwarsa ba ta da mutunci, a riƙa zuba mishi ruwan alwala. Na ce mishi ina rubuta maka takarda, ko yana da saƙo. Ya ce, "Ki ce mishi ya bar yarinyar ta zaɓi wurinta." Ban taɓa yi mishi maganar Saratu ba. Ashe daga dakalinsa shi ma yana ganinta.

Za ni tsaya nan, hannuna ya gaji. Ga shi can ma yana ƙwala mini kira, wai akuya ta kwance ta cinye mishi kabar da yake tufka, in zo in kama abata. Bari in je. Na daɗe ina roƙon Allah in ji kiran nan yana fitowa daga tsakar gida.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ku lafiya, Ya sa gidan ya zama na kwanciyar rai gare ku da abin da za ku haifa. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu, Ya maida kowa garinsa. Da kun sauka ka kira ni, kuma ka ba Saratu wayar in ji muryarta.

Wassalam,
Innarka.